Jaridar Baffa Sale Ta Isa Nima

Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida, tumbina a gaba, jakata a baya. Aikena ɗaya ne: in kai wa Baffa Sale jarida. Ƙanen mahaifina ne, yana zaune a Nima ta birnin Accra tun ina goye. Jikarsa Hadiza da ke nan Kano ta gama karatun likita, jarida ta buga hotonta. Aka tura masa ta waya, ya kai majalisa yana taƙama, tsofaffin suka ce ai a waya ko akuya ana iya sa mata rigar likita. Baffa ya yi fushi, ya rantse ba zai sake zama a bencin nan ba sai da takarda a hannunsa.

Kwana uku na yi ina farautar jaridar. Mai sayar da jarida na unguwarmu yanzu cajin waya yake yi. Da ƙyar na samo guda ɗaya tak a Sabon Gari, na ɗora ta kan firji. A bakin ƙofa na tambayi maiɗakina Ladidi, ta ce, "Tana cikin jaka, har da kilishin tsaraba."

Hadiza kuwa tun jiya ta kafa min doka: "Baba Ɗanjuma, ka sha ruwa sosai, ka riƙa motsa ƙafa, ka sa wannan safar. Ban da gishiri, ka san hawan jininka." Safar nan ta matse ni har na tuno laifuffukan da na yi a firamare.

Kano zuwa Legas

Bakwai da minti goma jirgi ya ɗaga. Na bi umarnin likita sau da ƙafa, na shanye gora uku. Daga nan sai sintiri tsakanin kujera da banɗaki. A zuwa na biyar ma'aikaciyar jirgin ta ce, "Alhaji, kai da ƙafa za ka je Legas ɗin?" Awa ɗaya da rabi muka sauka, na yi jiran awa biyar ina juya ƙafafu kamar tela.

Legas zuwa Accra

Ƙarfe biyu muka tashi. Aka ba mu biskit wanda sai da na sa tabarau na gan shi. Yunwa ta ce min Hadiza tana Kano, wa zai gani? Na zaro ƙunshin kilishi, na yi bismillah. Na ɗaga yanka na uku, sai ga Hadiza tana harara ta, da yaji a goshi.

Ashe Ladidi ta nemi takardar naɗe kilishi, ta ga wata sabuwa fil a kan firji. Ba ta yi ƙarya ba, jarida tana cikin jaka.

Salatin da na saki ya tashi maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar kasuwa daga unguwar Maamobi ta Accra. "Maigida, ka ga aljani ne?" Na ba ta labari. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ciro hodarta ta barbaɗa a shafin, wai tana shanye mai. Ta shanye rabi.

Muka sauka ƙarfe biyu daidai, don agogon Ghana yana bayan namu da awa guda. Tafiyar da ba ta ci min ko minti ba, amma ta ci min shekara goma.

Nima

Na nuna katin riga-kafi, na ɗauki tasi, minti ashirin sai ga ni a lungunsu. Baffa ko gaisuwa bai bari na gama ba.

"Ina take?"

Na miƙa, kaina a ƙasa. Ya duba, ya shinshina. Ana idar da la'asar ya ja ni majalisa.

Malam Isaka, shugaban masu gardama, ya karɓa ya ɗaga ta saitin rana. Mai ya sa takardar ta zama kamar gilashi, ƙafar wani ɗan ƙwallo daga bayan shafin ta fito a kan kafaɗar Hadiza. Na ce shi ke nan, Baffa ya bar bencin nan har abada. Malam Isaka ya karanta sunan a hankali, ya dangwali yajin goshin ya lasa.

"Kai, Sale! Yajin Kano ne. Yarinyan ya zama dokta da gaske. Waya bai iya wannan."

Ya matsa, Baffa ya zauna a gurbinsa yana gyara hula kamar shi ya rubuta jarrabawar. Kafin magariba sun cinye kilishin, jaridar kuwa washegari aka sa ta a gilashi, kyanwoyin Nima kaf suna zarya a ƙofar ɗakin.

Gida

Kwana uku na yi ina cin wake da shinkafa irin nasu, na juyo. Biyar da rabi na yamma na shigo gida, na tarar da Hadiza da abin awon jini.

"Ka ci gishiri."

"Ni? Wa ya faɗa miki?"

Ta nuna min wayarta. Hoton jaridar ne a bango, yaji raɗau a goshinta. Baffa ne ya turo, mutumin da aka hana zama lafiya saboda hoton waya.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Hajiyar Maamobi mai hoda. Ladidi kuma na saya mata takardar naɗi, buhu guda.