Kafinta da Katakon Hawa na Huɗu

Mijin Yayata kafinta ne, kuma maganar gaskiya hannunsa na da kyau. Kan ne dai sai addu'a. Shi a duniyarsa komai da awo ake gane shi, har haihuwa.

Ɗaki ɗaya suke haya a bayan shagonsa, kullum garin katako na shigo musu ta ƙasan ƙofa. Da yara suka kai huɗu tabarma ta yi kaɗan, sai ya ƙera gado mai hawa biyu. Da suka ƙaru ya ɗora hawa na uku. Duk wanda ya ce masa a ɗan sarara haka nan, sai ya zaro tef daga aljihu, ya auna daga saman gado zuwa silin, ya ce, "Ga fili nan, ina matsalar?" Wai kowane yaro hannu ne a shago, wannan ya riƙe zarto, wancan ya miƙo ƙusa.

Bayan haihuwa ta bakwai ni na raka Yaya asibiti. Ungozoma ta duba idonta fari fat, ta ce jininta ya yi ƙasa, ƙugunta ya gaji, in ba ta huta ba wani cikin zai iya nakasa ta. Da muka dawo na sami mijin yana goge katako, na faɗa masa.

"Haba ƙanwata, ungozomar ta taɓa auna ɗakina?" in ji shi, yana dariya.

"Ɗakin ne zai yi naƙudar?" na ce.

Ko ɗago kai bai yi ba. Yaya ta ja ni gefe. "Ƙyale shi, Auta. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Tir! Sai ka ce maganar abinci ake yi.

Ciki na takwas na fitowa ya sayo katakon hawa na huɗu, ya jingine bayan ƙofa. Naƙuda ta zo da gardama. Jariri ya rayu, Yaya ma ta rayu, amma ƙafarta ta hagu ba ta ƙara ɗaukarta ba.

Ranar da aka sallamo ta, ya tare ni a bakin shago, baki har kunne. Katakon hawa na huɗun nan ya yanka ya yi mata sandunan dogarawa, har da fenti.

"Shafa ki ji santsi," ya ce. "Daidai hammatarta. Sai da na auna ta."

Na juya na tofar da yawu. Duk zaman da suka yi, ranar ce ya fara tunawa ya auna Yaya.