Tsamin da Ya Tsallake Kwana

Babana tela ne a Gumel. Rabin rayuwarsa a zaune ya yi ta, ƙafa a kan keken ɗinki. Da ido ya fara gazawa, sai ya ce shi fa gonar gado zai koma, can wajen Sule Tankarkar. Na ce, "Baba, a sa 'yan ƙwadago mana." Ya harare ni. Mutumin nan akwai taurin kai, kuma a wurinsa na gada.

Ran noman farko ya wuni a duƙe da fartanya, ya dawo yana cika baki. Washegari ma lafiya lau, ɗan nauyin kafaɗa kawai. Kwana ya sake zagayowa, da asuba ya kasa ruku'u. Cinyoyi sun ƙage, baya ya ƙi lanƙwasuwa, buta ma da ƙyar ya ɗaga.

Yayansa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi har ya rasu, Baba ne ya yi jinyarsa. Sai ya kira ni ɗaki ya fara wasiyya.

Na ce, "Haba Baba, tsamin jiki ne."

"Kai, rufe min baki! Tsami washegari yake zuwa. Wannan kuwa sai da ya tsallake kwana."

Wallahi ban tsaya musu ba. Na goya shi a babur sai asibiti.

Ma'aikacin lafiyar ya auna jininsa, ya sa shi ya matse masa hannu dama da hagu, ya ce ya yi murmushi. Ina Baba ina murmushi! Ya dai yaƙe haƙora. Mutumin ya latsa cinyar, Baba ya yi ƙara.

"Madalla, Baba, tsami ne. Tsokar da ba ta saba aiki ba, in aka matsa mata, zarenta kan ɗan tsattsage, wurin ya kumbura. Sau da yawa sai kwana biyu bayan aikin ciwon ke kai maƙura. In ta warke ma ƙarfi take ƙarawa. A gasa da ruwan ɗumi, a riƙa ɗan tattaki."

"Zan koma gona?"

"A hankali dai."

Muka kama hanyar gida. Mun kusa kasuwa na ji ya kifa goshinsa a bayana, kafaɗunsa na rawa, rigata tana jiƙewa. Ban taɓa ganin kukan Baba ba, ran nan ma ban waiwaya ba. Na rage gudu, na bi doguwar hanya.