Maɓallai Huɗu a Tafiretar Baba

Da na dawo daga yaƙi ban zo da komai ba sai ɗingishi da hannun da ya iya kwance ƙarfe. Na kafa rumfa a kasuwar Gusau ina gyaran keken ɗinki da kwaɗo da fitila. Boko ban yi ba. Harafi a wurina zane ne kawai.

Wanda ya ba ni ɗaki a gidansa a Tudun Wada, lokacin da ba ni da wurin sa haƙarƙari, wani dattijo ne, akawu a wani ofishin sayen auduga a Bungudu. Ina ce masa Baba, yana ce mini Soja. Ya tsufa yana buga tafireta da yatsa biyu, idonsa a kan maɓallai, kamar kaza tana tsintar tsaba.

Wata Asabar ya kawo mini tafiretar cikin kwali.

"Soja, ta yi nauyi. Auduga ta cika mata ciki. Wanke min ita."

"Baba, ban taɓa buɗe irinta ba."

"Ƙarfe dai ƙarfe ne."

Kawunan maɓallan zagayayyu ne, suna fita kamar hula. Na cire su, na jera a faifai layi-layi yadda na same su, kamar yadda aka koya mana kwance bindiga. Ina cikin wanke cikinta da kananzir wani mai amalanke ya bangaji teburin. Huɗu suka faɗi ƙasa. Na tsince su, na dubi gurabe huɗu, na mayar da su yadda idona ya ba ni. Na danna kowanne, kowanne ya buga. Na ce ta gyaru. Maganar faɗuwar ban yi masa ba.

Ranar Laraba Baba ya dawo gida tun kafin la'asar, abin da bai saba ba. Ya zauna a zaure bai cire takalmi ba. Na tambaye shi abin da ya faru, ya faɗa mini. Kwana uku ke nan takardunsa na fita da kurakurai. Ya gaya wa manaja laifin keken rubutun ne. Manaja ya sa aka kira wata mata daga ofishinsu na Gusau, wadda ta koyi bugu a makaranta. Ta zauna a kujerarsa, tana hira tana bugu, ta cika shafi babu kuskure ko ɗaya. Manaja ya ce, "Malam, tsufa ba laifi ba ne." Ranar Litinin ita za ta karɓi kujerar.

"Na ga harafi da idona, Soja, na danna, wani ya fito. Ko idon ne, ko kan ne."

Har ya je wurin malami an fara ba shi rubutu yana sha.

Na koma rumfa ban iya zama ba. Na karya allurar wani tela, na sa wata, na karya. Na tashi na zaga kasuwa, na dawo, na sake tashi. Maɓallan nan huɗu suna raina. To amma in ni na ɓata, me ya sa ta yi wa matar aiki? In na buɗe baki na ce ni ne, ya zama ba ni ba ne, na ƙara wa Baba kunya. In na yi shiru, Litinin tana zuwa.

Na san wani mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin tashar Tsafe, yana da irin keken. Alhamis da safe na hau bayan wata motar hatsi. Ta tsaya ta ɗauki buhu, ta tsaya ta sauke akuya. Sau biyu na so in dira in ƙarasa da ƙafa.

Na same shi ƙarƙashin dalbejiya. Na faɗa masa komai. Ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Kai Soja! Haka kuka ci yaƙin, da cinke?"

"Ban zo wasa ba, Malam."

"To dubo nan." Ya zare hular wani maɓalli, ya juya ta kai ƙasa. "Ka gani? Ta koma wani harafi. Wagga kuma in ka kwantar da ita, ta zama wata. Hula ce kawai. Harafin gaske yana bakin sandar da ke bugun takarda. Matar can yatsunta sun haddace gurabe, ko ka goge rubutun duka za ta buga. Dattijonka kuwa hula yake bi."

Ya nuna mini wani maɓalli a gefe. In ka danne shi ka buga harafi, zanen da zai fito a takarda iri ɗaya ne da na kan hula. Sai ka gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Juma'a da hantsi ina Bungudu. Baba na zaune a benci a waje, matar na kan kujerarsa tana koyon takardun ofis. Na shiga wurin manaja ban jira an kira ni ba.

"Ranka ya daɗe, ni na wanke keken nan. Ni na ɓata shi. Kan Baba lafiya lau."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce in nuna. Na sa takarda, na danne maɓallin gefe, na bi su ɗaya-ɗaya ina haɗa zane da zane. Huɗun suka fito. Matar ta leƙo, ta kama haɓa. "Wallahi ban lura ba. Ni ba na kallonsu."

Na mayar da kowace hula gidanta. Aka kira Baba. Ya zauna, ya ɗora yatsunsa biyu a kan maɓallai. Manaja yana faɗa yana bugawa, a hankali, har shafi ya cika. Manaja ya karanta sau biyu, ya sa hannu, ya ce matar ta koma Gusau.

A mota, da muka hango gari, Baba ya juyo ya dube ni.

"Kwana uku ina shan rubutu saboda kai, ja'iri."

"Na yi laifi, Baba."

"Laifin ba faɗuwar ba ce. Shirun ne."

Ya riƙe kujerarsa har ya bar aiki don kansa. Amma tun daga ranar, in ya buga layi ɗaya sai ya tsaya, ya ɗaga kai, ya bi takardar da yatsa kafin ya ci gaba. A da ba ya yin haka.