Gyaɗa a Cikin Sifika

A kasuwar Rogo ana tuna Sulle na Gwangwan da ranar da ya buɗe sifikar gidansa gaban mai gyara, kashin ɓera ya zubo masa a cinya.

Ga shi tsugune, hula ta koma ƙeya, sai zufa yake yana tsaki. Ya ƙi sakar wa Abdulsalami mai gyara akwatin. Da yatsunsa masu kantar fartanya yake laluben wata 'yar jar waya. In ya taɓa, sifika ta yi tari, in ya saki, ta yi gum. Ba kiɗa ne ya dame shi ba. Kunnen tsohuwarsa ya yi nauyi, ta wannan akwatin kaɗai take jin tafsiri, ga azumi ya ƙarato.

Ashe tun bara wayar ta kwance, ya tokare ta da ƙwayar gyaɗa. Ɓera ya cinye tokarin, ya haɗa da wayar.

"Baba Sulle," in ji Abdulsalami yana dariya, "sifika ka gyara ko rumbu ka buɗe?"

Sulle ya harare shi, ya tura masa akwatin.

"Gyaɗata ta riƙe tafsirin bara har ƙarshe. Liƙa naka, mu ga ko zai kai Sallah."