Bugun da na ji sama da cibiyar Malam

Tsufa ya fara ɗauke mini abubuwa da yawa, amma ranar da na ga cikin maigidana a kan allo, ina jin da ita zan shiga kabari.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Tsanyawa. Ni ina koyar da matan aure a Islamiyyar garinmu, shi kuma Malam manomi ne, gero da dawa da gyaɗa. Siririn mutum ne, a lokacin ya haura sittin. Aibinsa ɗaya da na sani shi ne sigari, da yake laɓewa bayan rumbu ya sha, wai don kada 'ya'yansa su gani, alhali har jikoki sun sani.

Wata rana da kaka ya dawo daga gona jiki duk ya yi tsami. Bayan la'asar ya kwanta a tabarma ina shafa masa man zafi. Da ya juya rigingine, hannuna ya sauka sama da cibiyarsa kaɗan, sai na ji wani abu yana harbawa a tafina, kamar an sa masa wata zuciyar a ciki.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Ya daɗe. Tunda ba ya ciwo, ƙyale shi."

Ban ƙyale ba. Na yi ta naci har babban ɗanmu ya kai shi asibitin kusa da mu. Ma'aikacin da ya taɓa wurin bai ce komai ba sai, "Baba, ku je birni a yi hoto."

Da ni aka tafi. Da muka isa ɗakin hoton, layin duk mata masu juna biyu ne. Malam ya tsaya turus, ya ce shi da furfurarsa ba zai zauna cikinsu ba. A tsaye ya jira, yana kallon bango, har aka kira shi.

Likitar mace ce, ba za ta girmi 'yata ta biyu ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta nemi izini kafin ta ɗaga rigarsa, ta shafa masa wani abu mai sanyi, ta ɗora kan na'urar a cikinsa. Ta daɗe tana kallo tana danne-danne. Sannan ta yi abin da ban taɓa ganin an yi wa ɗan ƙauye ba, ta juyo da allon wajenmu.

"Mama, matso ki gani. Wannan baƙar da'irar da ke motsi, ita ce babbar jijiyar da ke sauko da jini daga zuciya. Baba, kana noman rani?"

Ya ce ya taɓa yi.

"To ka san tiyon ban ruwa idan ya tsufa, yadda wani wuri yake kumbura ya yi ciki. Haka taka ta yi a nan. Duk sa'ad da ta ƙara faɗi, bangonta yana ƙara laushi. Abin da muke tsoro shi ne ta fashe."

Ɗanmu ya ce to a yi aiki yau yau. Ta girgiza kai. Ta ce ta auna faɗin, bai kai inda ake yin aiki ba, kuma aikin babba ne, a yanzu haɗarin wuƙa ya fi haɗarin bari. Ta ce ya riƙe maganin hawan jini, ya rabu da sigari, mu dawo bayan wasu watanni a sake aunawa. In kuwa ciwo mai tsanani ya taso masa a ciki ko baya, kada mu tsaya ko ɗaukar mayafi.

Muka kamo hanyar gida a mota. A raina ina cewa, an nuna mana wuta a rufin ɗaki, an ce mu koma mu kwana a ciki. Watannin nan ban ji daɗinsu ba. In Malam ya yi tari sai in leƙo. Shi kuwa ko a jikinsa. Sigarin ya bari tun a ranar, ya ce yarinyar ta yi masa magana kamar mutum, ba zai ba ta kunya ba.

Ruwan farko ya sauka muka koma. Wannan karon ta auna, ta sake aunawa, fuskarta ta canza kaɗan. Ta ce kumburin ya ƙaru da sauri fiye da yadda take so. Ta tura mu wani hoton mai zurfi, inda ake kwantar da mutum a tura shi cikin wata na'ura mai baki kamar na rijiya. Da sakamakon ya fito ta zaunar da mu tare da babban likitan tiyata, suka nuna mana inda kumburin ya fara da inda ya tsaya, da gefen da ya fi ɓullowa. Ta ce, "Baba, lokacin da na ce a jira ya wuce. Yanzu bari ya fi wuƙa haɗari."

Malam ya ce, "Likita, shuka ta tsiro. A bari in yi noman fari, in dawo."

Na zaci za ta yi masa faɗa ko ta tsorata shi. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ba zan ce maka ga ranar da za ta fashe ba, wannan sanin Allah ne. Mai yiwuwa ka yi noman ka gama lafiya. Abin da hoto ya nuna mini shi ne, in ta fashe kana gona, hanyar Tsanyawa zuwa nan ta fi ƙarfin lokacin da zai rage maka. Aikin ma ba na ce babu haɗari ba. Jikinka ne, kai za ka zaɓa."

Ya dube ni, ya dubi ɗansa. Ya ce, "Wanda ya yarda ya ce maka ga abin da bai sani ba, in ya gaya maka abin da ya sani ka yarda. A yi."

Aka yi aikin, aka sa masa wani bututu a madadin wurin da ya lalace. Yinin nan a bakin ƙofar ɗakin tiyata na yi shi, carbi a hannu, ban san abin da nake ja ba. Da suka fito, likitar da kanta ta nemo ni cikin jama'a, ko da yake ba ita ta riƙe wuƙar ba. Ta kama hannuna ta ce, "Mama, an gama, yana numfashi da kyau." Gonar kuwa, maƙwabta suka yi mana gayya suka nome ta. Malam ya daɗe yana jinya, amma da kaka ta zo da ƙafarsa ya je ya ga an ɗaure dami.

Ban sake ganin wannan baiwar Allah ba, an ce ta koma wani asibitin. Amma daga gare ta na koyi cewa mai ilimi na gaskiya ba ya ƙara wa magana gishiri don a ji tsoro, ba ya kuma rage ta don a ji daɗi. Ya san lokacin cewa a dakata da lokacin cewa a tashi, kuma ba ya jin kunyar faɗin inda saninsa ya tsaya. Tun daga nan, in ɗaliba ta yi mini tambayar da ta fi ƙarfina, ba na kame-kame. Nakan ce mata, ga iyakar abin da na sani, saura kuma sai mu nema.