Saja da Wardin Roba

A lambun shaƙatawa na bakin tafki, nan wajen Zuru, akwai wani tsoho mai takalmin soja, ana ce masa Saja Tanko. Kwamitin gyara ya gama "farfaɗo da tarihi": an tumɓuke tsohon wardi, an kakkafa na roba, ga ƙaton allo ɗauke da sunayen 'yan kwamiti.

Kullum da safe Saja yana wuce su da bokitinsa, ƙirji a gaba, ya durƙusa bayan allon yana shayar da wani kututturen tsohon wardi mai ganye uku. Wataƙila marigayiyar matarsa ce ta dasa shi.

Wata budurwa mai ɗaukar hoto ta ce, "Baba, ga masu kyau can!"

Bai ɗago ba. "'Yata, waɗancan ko akuya sunsunawa take ta wuce."