Kwanon Ruwan Zafin Umma

Umma ta yi shekara ashirin da biyu a ɗaki ɗaya, can ƙarshen ɗakunan gwaji na asibiti, bayan inda ake ɗibar jini. A jikin ƙofar an rubuta Kariyoloji. Ni kitso nake yi, boko bai karɓe ni ba, amma wannan kalma na san ta kamar yunwar cikina, don da ita aka raine ni.

Yadda Umma ta koya mini: jikin mutum duk ƙwayoyi ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Kowace kamar ƙwai take, da gwaiduwarta a tsakiya. To binciken gwaiduwar nan shi ne kariyoloji. A cikinta akwai wasu zarurruka arba'in da shida, kiromozom. Matar da ciki yake ta zube mata, ko jaririn da aka rasa gane kansa, jininsu ake kawo wa Umma, ta baza zaren a kan ɗan gilashi, likita ya ƙirga a madubin da ke ƙara girman abu.

Bazawar nan ita ce aikin. Umma ba ta da digiri, da wankin kwalabe ta fara. Amma ta san sai da ɗan danshi zaren yake warwarewa. Kullum akwai kwanon ruwan zafi a gefenta yana tururi. Ta ɗauko gilashi mai sanyi, ta yi masa "haa" da bakinta, ta ɗaga hannu sama ta saki ɗigo ɗaya na jinin a kansa. Shi ke nan. Zare ya kwanta ɗaiɗai kamar an taje shi.

Sai aka kawo sabon oga, yaro ɗanye shakaf, takardunsa sun fi shi nauyi. Ranar farko ya ga kwano.

"Mama, shayi ake dafawa a nan?"

"A'a yallaɓai, na gilashi ne."

"Gilashin ma tofi ake masa? Nan ɗakin kimiyya ne, ba zauren boka ba."

Ya sa aka fitar da kwano, ya hana hura baki, ya ƙure esi, na'urar sanyaya ɗaki, har ɗakin ya bushe ƙayau. Sati biyu zare yana fitowa a cukurkuɗe, kamar kan da ya shekara bai ga mataji ba. Mutane suna zuwa karɓar sakamako ana ce musu su sake ba da jini. Wa aka ɗora wa? Umma. Wai hannunta ya fara rawa, a duba ko ta koma tagar karɓar kwalabe.

Ta dawo gida ta zauna bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba.

Na ce, "Umma, kin gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ce in nuna masa a littafi."

"Ke da kika fi littafin daɗewa a ɗakin?"

"Ke dai ja bakinki ki yi shiru."

Ban ja ba. Washegari na bar wata mata da rabin kai a tsefe, na tafi. Na sami ogan a ofis yana latsa waya.

Na ce, "Kai ne mai esi? Ko kariyolojin ma ka san ma'anarta, ko a ƙofa ka karanta?"

Ya ce, "Wace ce ke?"

"'Yar bokanyar ce. Ko gashi ba a taje shi a bushe, balle zaren mutum. Ka mayar mata da kwanonta kwana ɗaya tak, in bai yi ba ka aske mini kai."

Ma'aikata suka cika ƙofa, wani har da dariya. Nan na san na ɓata, don mutum irin wannan ba a kayar da shi a gaban jama'a ya yafe. Umma ta zo ta ja ni waje. Kafin sati ya ƙare takarda ta fito: an mayar da ita taga.

Bayan wata biyu sai ga wani farin akwati an shigo da shi ɗakin. Ka zuba masa ruwa, ka jona a wuta, ya riƙa fitar da tururi. Tururi fa! Oga ya tara mutane yana bayani da turanci, wai sabon tsari ya kawo. Aka tafa masa.

Yaran da aka ɗora a kujerar Umma ba su iya saita shi ba. Suna zagayowa ta taga a ɓoye, "Mama, kamar yaya danshin zai kai?" Ita kuma ta gaya musu, har da nunawa da hannu.

Rannan tana goge takalmi na ce, "Umma, wallahi ni ce ko kallo ba su ishe ni ba. Su je su tambayi littafi."

Ta ce, "Jinin ogan ne a kwalbar?"

Ta ci gaba da goge takalminta na aiki. Har yau tana taga, tana manna wa kwalabe lamba.